Rasuwar Ba'indiya a Cikin Buhun Gero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba a saba gani a fuskarsa ba, Abdurra'uf Halliru na Sabon Birni yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Ba'indiya. Ta rasu ranar Alhamis tsakanin azahar da la'asar, a hanyar daji mai zuwa iyakar Nijar. Shekarunta goma sha shida.

Abin da aka ɗauka a tafiyar: rabin buhun sabon gero, gorar ruwa, caja, ƙaramin sukundireba, layin wayar Nijar a naɗe cikin takarda a ƙasan hula, zanen atamfa ɗaya, da ita marigayiyar a naɗe cikin zanen, a tsakiyar geron. Komai ya dawo da amfaninsa, ban da ita.

An haife ta a wata masana'anta da ba ta taɓa ambata ba. Abdurra'uf ya same ta a hannu na biyu, a ƙasar Indiya inda ya yi karatu, wanda ya sayar masa da ita kuwa ya ce in ta kai shekara guda a gode wa Allah. Ta ƙara goma sha ɗaya. Ta biyo shi gida cikin jakar baya, mutanen unguwa suka raɗa mata suna, ba ta yi musu ba.

Nauyi gare ta kamar dutsen niƙa. Batirinta minti arba'in yake yi, bai taɓa yi wa kowa alkawarin fiye da haka ba. Maɓalli ɗaya ya fita tun a can, da bakin biro ake danna gurbinsa. In an kunna ta takan ce "ƙit, ƙit" sau biyu, sannan fankarta ta ja dogon numfashi, "fuuu", cikinta ya shiga "kirit-kirit" kamar ɓera a rumbu. Iyakar maganarta ke nan. A kanta aka buga takardun neman makaranta na yaran unguwa uku. A kanta aka rubuta sunayen mutanen ƙauyuka bakwai da suka taso gudun hijira suka cika makarantar firamare, gida-gida, da na waɗanda ba su iso ba.

Da manhajar kamfani ta ce ta tsufa, ba za ta ƙara zama a cikinta ba, Abdurra'uf ya zuba mata buɗaɗɗiyar manhaja. Ita wannan ba ta da mai ita. Mutane ne warwatse a duniya suke rubuta ta don ra'ayin kansu, kowa na iya karanta abin da suka rubuta ya kawo gyara, kuma a wani dandali na intanet suke haɗuwa su yi shawara da faɗa. Suna da doka ɗaya da ta shafi marigayiya. Kafin su fitar da sabon zubi, dole wani ya gwada shi a kan kowane jinsin na'ura, na gaske, mai rai, ya aiko da rahoto. Jinsin da aka rasa mai gwada shi, sai a cire shi. Shekara huɗu ke nan duk duniya Abdurra'uf kaɗai ke aiko da rahoton jinsin Ba'indiya.

Ciwon ajalinta ya fara ne bara. In an rufe murfinta takan yi barci yadda ya kamata. Amma jefi-jefi sai ta farka ita kaɗai, murfi a rufe, fuska a duhu, fanka ba ta tashi ba, ta yi ta zafi shiru. Abdurra'uf ya kai ƙara dandali cikin layi shida. Aka yi saƙo sittin da uku a kai.

Na farko ya rubuta cewa shi bai ga matsalar a tasa ba. Tasa sabuwa ce. Na biyu ya ce laifin sashen kula da wuta ne, mai sashen kula da wuta ya ce laifin sashen murfi ne, mai sashen murfi ya bar aikin shekara uku da suka wuce. Mutum biyu suka kwashe saƙo goma sha ɗaya suna jayayya kan yadda ake jera rubutu a wani gyara da bai gyara komai ba. Wani ya tambaya cikin ladabi me ya hana a sayi sabuwa. Wani ya ce, tsakani da Allah, akwai wanda ke amfani da wannan jinsi a doron ƙasa? Abdurra'uf ya amsa: "Akwai tara. Na san inda kowace take kwana."

Mutum ɗaya ne ya ɗauki ciwon da muhimmanci, wani Mus'ab, mutumin Tunisiya, wanda ba su taɓa ganin juna ba.

Daga nan aka katse layukan waya a yankin saboda masu bindiga. Mai son magana da duniya sai ya hau kabu-kabu zuwa wani tudu kusa da iyaka, inda sabis ɗin Nijar ke tsallakowa. Ranar Lahadi ake zuwa, ranar kasuwar ƙauyen da ke gindin tudun, domin ran nan ne ba a tambayar mai buhu ina za shi. A wata Lahadi, a kan tudun, Abdurra'uf ya karanta hukunci a wayarsa: in ba a warke ciwon an aiko da rahoto ba kafin Litinin ta sama, za a cire jinsin. A ƙasa Mus'ab ya ƙara da nasa. Ya ce tambaya ɗaya a mako ba za ta kai su ko'ina ba. In ciwon ya sake tashi kada a kashe ta, domin da an kashe ta alamun sun goge. A mayar da ita barci, a kawo ta inda sabis yake, shi zai duba cikinta daga can.

Ciwon ya tashi ranar Laraba. Abdurra'uf ya taɓa ta ya ji zafi, ya buɗe, ya mayar da ita barci, ya bar ta a kan tebur a jikin cajar sola. Ta kwana lafiya. Bai jira Lahadi ba, domin bai san ko alamun za su kai ba.

Duk wanda aka kama da kwamfuta a wannan hanya infoma ne. Wanne ɓangare yake yi wa aiki, wannan ya danganta da wanda ya kama shi. Don haka aka naɗe ta a zane, aka binne ta a gero. Shamsu, mai kabu-kabu, uban 'ya'ya biyar, ya ɗaure buhun a baya yana gunaguni.

"Injiniya, yau Alhamis fa. Ba kasuwa. In sunka ce mi muka nema, mi za ni ce?"

"Gero za mu kai wa gwaggo."

"Wace gwaggo?"

"Taka."

"Tawa ta rasu tun ina goye."

"To ba za ta ƙaryata mu ba."

Hanyar duk kwari ce da saiwoyi, buhun yana ta tsalle. Bayan sa'a guda suka iske itace a gicciye da mutum huɗu a gindin wata bishiyar bedi, wato dogon-yaro. Sanarwar nan ba za ta faɗi ko su wane ne ba. Ɗayansu ya kwance bakin buhun, ya tura hannu har wuyan hannu, ya tsaya.

"Geron ga da ɗumi."

"Sabon sussuka ne, ranka shi daɗe," in ji Shamsu. "Rana ya sha tun safe."

Mutumin ya zare hannu, ya watsa 'yan ƙwayoyi a baki, ya ce su koma gefe su zauna har babbansu ya zo, tunda ba ranar kasuwa ba ce.

A nan Abdurra'uf ya gane ta farka. Taku biyar ne tsakaninsa da buhun. Danna maɓalli ɗaya na daƙiƙa huɗu zai kashe ta ya cece ta. Ya zauna a ƙasa kusa da Shamsu, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon buhun a rana. Ba ta yi ƙara ba. Da fankar ta tashi, da sun ji, da wannan sanarwa ta wasu ce. An sallame su bayan minti hamsin.

Ba su tsaya ba sai kan tudu. Da aka warware zanen, warin ƙonanniyar roba ya riga ta fitowa. Ya danna maɓalli. Babu "ƙit". Ya danna sau uku, ya bari.

Ya rubuta wa dandali da waya, a tsaye: ta mutu, ta farka a hanya, murfinta ya saki, jijjiga ce ke tashinta. Nan take Mus'ab ya amsa. Ya ce yanzu ya gane komai. In murfi ya ɗan motsa ya koma da sauri, manhaja takan ji buɗewar, ba ta jin rufewar, sai ta farka rabi. Su kuwa duk nasu a kan tebur suke zaune, ba wanda ya taɓa girgiza tasa. Gyaran layi huɗu ne, gobe zai gama. Sai dai doka tana nan: a gwada a kan mai rai kafin Litinin. Wani ya aiko da ta'aziyya. Wani ya tambaya ko za a iya rufe rahoton yanzu, tunda na'urar ba ta nan.

Marigayiya ta bar 'yan'uwa takwas 'yan jinsinta, waɗanda Abdurra'uf ya tsinto ɗaya-ɗaya ya tayar. Uku suna garin Isa, a shagunan buga takardu. Biyu suna Bafarawa. Biyu suna hannun malaman makaranta da suka yi ƙaura, ba a san inda suka sauka ba. Hanyoyin zuwa duk waɗannan ba sa biyuwa a makon nan. Ta takwas tana nan Sabon Birni, a hannun ƙanwarsa Surayya, ma'aikaciyar jinya, wadda ta taso da ita daga ɗakin shan magani na wajen Unguwar Lalle. A cikinta rajistar awon ciki da rigakafi take, mata da yara ɗari shida da wani abu. In an cire jinsin, waɗannan takwas ba za su mutu nan take ba. Za su daina samun gyara ne. Cikin shekara ɗaya ko biyu fom ɗin da ake aiko wa Surayya duk wata zai ƙi buɗewa, sauran su bi baya.

Surayya ta san haka. Ranar Juma'a da hantsi ta shigo shagon da tata a cikin jaka, ta ajiye a kan tebur kusa da gawar.

"Yaya, ga ta. Ka tafi da ita Lahadi."

"Ɗauki abinki."

"Ka kwafe rajistar ka aje. Wagga murfinta lafiya lau."

"In sunka zazzage buhun, a mi za ki buɗe abin da anka kwafe?"

"Ranar kasuwa ba su zazzagewa."

"Sun ga fuskata. Sun ga ta Shamsu."

"To mu zauna mu jira su mutu ɗaya-ɗaya? Kai da kad dawo daga Indiya don wanga aiki?"

"Shekara biyu ce in an bari. In an tafi, wataƙila kwana biyu."

"Layi huɗu fa kac ce, Yaya. Huɗu!"

Ta bar jakar a nan ta fita, don ya kwana yana kallonta. Da la'asar Shamsu ya leƙo, ya ce in Injiniya ya ce a tafi Lahadi, shi zai tafi, amma don Allah wannan karon a nemo gwaggo mai rai. Ya yi dariya shi kaɗai.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Gobe Asabar bayan an karya kumallo za a buɗe marigayiya a shagon, da sukundireban da ya raka ta. Ba a gayyaci kowa ba. Faifan ajiyarta yana da rai, za a cire shi a adana saboda sunayen ƙauyukan nan bakwai. Fuskarta za ta tafi Isa in hanya ta buɗe, akwai wata da tata ta tsage. Fankarta, wadda ba ta da laifi, za a ajiye wa ɗaya daga cikin na Bafarawa. Cajar ta Surayya ce. Batirin ya kumbura, za a binne shi nesa da rijiya. Ƙwaryar za ta zauna a ƙarƙashin tebur. Geron an mayar wa mai shi, ya ce yana wari, an ba kaji.

Ba za a yi zaman makoki ba. Masu son yin ta'aziyya su riƙe ta, masu shawarar a sayi sabuwa su ma haka.

Yau da yamma, kafin magariba, Abdurra'uf ya rataya jakar Surayya, ya kai ta har gida ya damƙa mata a hannu, a gaban mijinta. Ya biya ta tashar kabu-kabu ya ce wa Shamsu ya nemi wani fasinja ranar Lahadi. Ba sai an aika wa dandali komai ba, domin a dokarsu shiru ma amsa ce. Ya dawo shago, ya ja ƙofa, ya danna kwado. Maƙwabcinsa mai faci ya tambaye shi ko da gaske an fasa tafiyar Lahadi.

Ya ce, "Ba za ni ba. Su cire."