Yadda Za Ka Ɗauki Hoton 'Yarka Tana Tsere Ba Tare da Jin Kunyar Kowa Ba

Wata shida da sayen kyamara, har yau abin da ka ɗauka bai wuce kyanwar maƙwabta tana barci ba? Kwantar da hankalinka. Kunya ce ke damunka, ni kuma na san maganinta. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin hoton da gidanku ba za su taɓa mantawa da shi ba.

Na gwada su a kan maƙwabcina mai gyaran agogo, mutumin da ko gaisuwa zai amsa sai ya sunkuyar da kai. 'Yarsa ta fari ta yi wata uku tana atisayen gudu, don wadda ta zo ta ɗaya ita za ta wakilci makarantarsu. Uwarta nas ce, ranar tana bakin aiki. Ta ce masa, "Baban yara, hoto ɗaya tak nake so: lokacin da ta tsallake layi."

Mataki na 1: Yi shigar masu aiki

Nemi riga mai aljihu goma sha biyu, ko da babu komai a ciki. Rataya kati a wuya, kowane iri. Mutumina katin asibiti ya rataya, ya juya rubutun ciki. Da mai gadi ya ce, "Malam, iyaye can suke zama," bai ko dube shi ba ya ce, "Aiki nake." Ya wuce abinsa.

Mataki na 2: Guji bencin iyaye

Daga can ƙeyar mutane kawai za ka ɗauko, da lemar wata baiwar Allah.

Mataki na 3: Ƙwaci wuri

Je ka bayan layin ƙarshe ka durƙusa. Idan malamin wasanni ya taso da usur a baki yana cewa, "Bawan Allah, daga wace jarida?" amsa da ƙarfi. Mutumina cewa ya yi, "Daga gida!" Malamin ya tsaya yana juya maganar, kafin ya gama an kira shi wani wurin. Ka riƙe wannan: ba a korar mutumin da ya riga ya sa gwiwa a ƙasa.

Mataki na 4: Koyi hannu a kan 'ya'yan wasu

Ya ɗauki hoto arba'in a tseren ƙananan aji. Ya samu ƙafafu, ya samu gajimare, ya samu rabin kunnen hedimasta. Fuska ko ɗaya babu, don yaran nan marasa tarbiyya gabansu kawai suke kallo. Ya waiwayo ni ina tsaye bayan wayar shinge, kamar zai yi kuka. Nan na ba shi sirrin sana'a: mai hoto na gaske ba ya jiran fuska, kiranta yake yi.

Mataki na 5: Buɗe murya

Aka busa usur na tseren 'yarsa. Kai, yarinyar nan ta iya gudu! Tun daga kwana ta ba su rata, kanta a sunkuye, kamar dai ubanta. Shi kuwa, ga alfahari ga tsoron komawa gida da hoton tsakiyar kai. Saura taku goma, mutumin da shekara ashirin ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya kwarara ihu har bayan fili:

"Uwata! Kalli nan!"

Yarinyar da ba ta taɓa ƙyale kiran ubanta ba ta ɗago, ta sassauta, ta ce, "Na'am, Baba?"

Ƙyas!

Mataki na 6: Tsaya a kan aikinka

Maganar gaskiya, hoton ya fita tas. Ga ido, ga gumi, ga ladabi. Ga kuma 'yar mai gidan burodi a gefen kafaɗarta, ƙafa ɗaya a kan layi.

Da yamma nas ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce, "Wannan ta bayan fa?"

"Ai... ita ce ta gaban," in ji shi.

Ya juya wajen 'yarsa, muryarsa ta koma irin ta da. "Uwata, ki yafe mini. Me ya sa ma kika juyo?"

"Baba, ban taɓa jin ka yi ihu ba. Na ɗauka wani abu ne ya same ka."

Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tashi ya shige ɗaki, har da rigar aljihun.

Gargaɗi

Ni hoto na yi alkawari, hoto kuma ya samu. Ban ce da kowa kofi ba. Duk wanda ya bi matakan nan aka daina yi masa magana a gidansa, babu ruwana, kada ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Masu son kwafi su nemi mai gidan burodi, shi ya wanke babba ya kafa a shagonsa.