'Yar Gata Ba Ta Hawa Tirela

"Lafiya lau, sai dai ganinka ya ɓata min safiyar."

Abin da na ji Baba mai agogo ya faɗa ke nan ta kan katanga, na san jikansa ya iso. Na ajiye tsintsiya na leƙa, don ni ba a yin irin wannan babu ni.

Baba maƙwabcina ne tun ina ɗan saurayi. Gyaran agogo yake yi, har idonsa ya fara hazo ya rufe shago. Yanzu 'yarsa ta ce ya koma wajenta da zama, gari mai nisa, tafiyar yini guda. An ɗaure kaya. Abin da ya rage shi ne tsohuwar motarsa, wata doguwa mai ruwan ƙasa da yake kira 'Yar Gata, tana lulluɓe da tamfol a gindin bishiya. Ita aka turo jikan ya ji da ita, kuma uwarsa ta ja masa kunne kada ya bari tsohon ya taɓa sitiyari.

"Kaka, na yi magana da mai tirela. Gobe zai zo a ɗora ta."

"A ɗora wa? Gawa ce?"

"Ban ce gawa ba ce. Amma in an yi mata salla ba za a yi zunubi ba."

"Ji ɗan nema. Motar da ta ɗauko uwarka daga asibiti ranar da aka haife ta. Da na san kai za ta haifa, da a can na bar ta."

"Ai an ba ni labari. An ce Mama a mota ta taho, amma tura ta aka yi har gida. Ka tambayi maƙwabcinka, ga kansa can a kan katanga."

Na ce, "Ni dai bayana ya san motar nan fiye da idona."

Baba ya juyo wajen muryata. "Kai kuma wa ya sa da kai? Sauka kar ka rushe min katanga." Ya koma kan jikan. "Ni zan tuƙa ta da hannuna. Motar mutunci da ƙafarta take shiga gari. Ba za a kai ta a goye kamar mai ciwon ƙafa mutane suna nuna ta ba."

"Da wane birki? Wanda ake takawa yau ya kama jibi?"

"Birkin 'Yar Gata yana da natsuwa. Ba irin naku ba, mota kamar gwangwanin madara, babur ya yi tari kusa da ita ta lotse."

"To giyar baya fa? Tun ina goye ta mutu."

"Me zan yi da baya? Ni ba na mantuwa."

"Makulli?"

Baba ya zaro sukundireba daga aljihu ya ɗaga sama kamar wanda ya ci kyauta. "Ga shi. Ɓarawo ya taɓa shiga cikinta da dare, da safe muka same shi zaune yana kuka."

"Tausayinka ya ji, Kaka."

"Yi ta surutu. Kullum da safe sai na tayar da ita na zaga unguwa. Ko jiya na fita."

Ni dai na san ba haka ba ne. Rabon da in ji tarin motar nan na manta, kuma in ta tashi har kwanukan gidana sai sun amsa.

"Jiya?" in ji jikan. "To mu gani."

Ya yaye tamfol, ya ja ƙofar direba. Sai ga kaza zaune daram a kan kujera ta baza fuffuke, ta hura wuya tana harararsa. Ja mai baƙin wutsiya. Kazata ce, wadda na daɗe da yi wa muzurun unguwa Allah ya isa a kanta. Ta ƙasan motar ta shiga, inda tsatsa ta ci. Da ta motsa sai ga ƙwai a ƙarƙashinta, ɗaya har ya fara tsagewa.

"Kaka, ashe ka ɗauki direba."

"Wane direba?"

"Ga ta nan tana kwanci. Jiya a cinyarka ka ɗora ta, ko ita ta ja kai kana baya kamar babban mutum?"

Baba ya matso. Ya sunkuya, ya ƙanƙance ido yana duban kujerar. Bai gan ta ba sai da ya miƙa hannu ta sare shi. Ya janye hannun, ya tsaya yana shafa rufin motar a hankali. Jikan ya daina murmushi. Ni ma na sauke kaina kaɗan daga katanga.

Can jikan ya gyara murya. "Ni fa ba don kai na ce tirela ba, tsoho. Kai ko a wane rami ka faɗa, ramin ne zai ji jiki. Mai jego nake tausayi. Ka tayar da injin nan, kafin ku fita gari ƙwan sun dahu."

Baba ya ɗago kai. Sai kafaɗarsa ta fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Ja'iri. Don ita kawai na yarda, ka ji ko? Kuma ni zan zauna gaba kusa da mai tirela, ina kallon 'Yar Gata ta madubi."

"Madubin za ka gani?"

"Kai za ka dinga duba min. Ko ka taɓa yin amfani sau ɗaya a rayuwarka." Ya kamo hannun jikan ya danƙa masa sukundireban. "Riƙe. Hagu ake murɗawa, a hankali, ba ta son garaje."

Na ce, "Baba, kazata fa?"

"Wace kazarka? Direbata ce. Gobe tare za mu tafi."