Rigar da Za Ta Ruɗi Gwaggo Tabawa

Kuma kar ki ce mini Salamatou mugunta ta yi, don ba ki ga Nomau ranar da ya sauko daga motar Dirkou ba. Mutumin da ya tafi Djado neman zinariya da kumatu da tumbinsa, ya dawo in iska ta taso sai an riƙe shi. Zinariyar kuwa ko ta ɗan kunne babu, sai wani ɗan ƙullin dabinon Bilma. Maimakon ya wuce gidansu, ya zo ya laɓe a zauren kawunsa, uban Salamatou. Dalili, uwarsa Gwaggo Tabawa tansiyon gare ta, wato hawan jini. Tun da aka daina samun layinsa take kwance, kuma a likita an ce kar a bari komai ya girgiza ta. In ta gan shi a haka, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Salamatou taubashiyarsa ce, ita ɗiyar namiji, shi ɗan mace. Tun suna yara ba su taɓa gaisuwa ta ƙare lafiya ba. Da safe ta kai masa fura, ta tarar ya zumbula babbar rigar ubanta.

"...lafiya lau, ina gajiya, mai zinariya? Kai, tsaya. Kana cikin rigar nan ko ka fita?"

"Ina ciki, bakin rediyo."

"Motsa in gani. Wallahi na ɗauka Baba ne ya rataye ta a ƙusa."

"Ke me kika sani? Duk wanda ya dawo daga Djado da babbar riga yake shiga gari."

"Waɗanda suka dawo da namansu ke nan. Kai in ka shiga gaban Gwaggo da wannan, cewa za ta yi likkafani ne ya zo da ƙafarsa."

Dariya ta so ya yi, bai yi ba. Ya ajiye ludayin ya ce, "To ya zan yi, Salamatou?"

Tun da take, bai taɓa kiranta da sunanta ba. Ta yi maza ta murguɗa baki don kar ya gane abin ya taɓa ta.

"Shanye ka tashi mu je kasuwa. Babbar riga tona rama take yi. Wadda ta kama jiki kuwa, sai a ce gayu ne. Ba ka ganin samarin banki? Da gangan suke ƙin cin tuwo don shemis, rigar nan ta Turawa, ta zauna masu. Kai ga shi ka samu kyauta."

"Ni zan sa matsattsiyar riga kamar ɗan makarantar lise?"

"Ɗan lise ya fi ka, shi ko ba komai yana dawowa da alli a aljihu."

Ya naɗa rawani ya rufe har hanci, a Agadez wa zai kalli mai rawani sau biyu? Haka suka isa rumfar Seydou mai shemis, sababbi a rataye cikin leda, bosho kuma, wato kwancen Turai, tsibi guda a kan tabarma.

"Seydou, shemis ta maza muke so. Ga sandar da za a rataya ta."

"Kar ka kula ta, taubashiyata ce, da ciwon aka haife ta. Ba ni babba, iks-el."

"Iks-el? Wancan Nomau ɗin ka baro shi Djado. Ba shi ƙarama, Seydou. In akwai ta 'yan makaranta ma kawo."

Aka fara da fara. Ya shiga bayan labule ya fito.

"Cire! Cire maza! Daga nan ina ganin haƙarƙarinka kamar katakon gado. Kamar yau aka sallamo ka daga likita."

"Hasken fatata ne ya kashe maki ido."

"Hasken wa? Rana ta gasa ka har kilishi na ce maka yaya."

Aka kawo baƙa. Salamatou ta fara waige-waige. "Seydou, ina ya shiga? Yanzu fa yake nan."

"Ga ni gabanki, makauniya."

"Au! Na ɗauka inuwar tirken rumfa ce."

Shi kuma idonsa ya faɗa kan wata ja mai ƙyalli, an yi mata zanen ruwan zinariya a ƙirji. Ya shafa ta yana murmushi. "Wannan ita ce ta manya."

"Zinariyar da ta ƙi ka a rami ce za ka manna a ƙirji? Gwaggo ta ce ina sauran, ka ce me?"

Ya saki rigar kamar ta ƙone shi. "Ke dai wanda zai aure ki ya shiga uku."

"Kai ne ai. Tun ina goye Gwaggo ta ce ta kama maka."

"Gara in koma Djado a ƙafa."

"Da wace ƙafar? Waɗannan tsinkayen?"

Seydou na dariya har da riƙe ciki, ya miƙa hannu ya sauko da wata shuɗiya mai kalar sama, a cikin ledarta. Ya ce sunanta oksfor, kuma santire ce, an rage mata ciki ta bi jiki. Salamatou ta murza yadin da yatsa. Kauri gare shi, ba ya nuna abin da ke ƙasa. Wuyan a tsaye, da 'yan maɓallai biyu da ke riƙe shi. Ta san an zo wurin.

Da Seydou ya faɗi kuɗinta, hannun Nomau ya shiga aljihu bai fito ba. Salamatou ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta tura ledar gefe.

"Sabuwa? Ɗan mace ne fa, sabon kaya ƙaiƙayi yake sa masu. Matsa."

Ta ɗaure gyale a ƙugu ta durƙusa kan tsibin bosho, tana tono tana jifa, tana tono tana jifa.

"Kalli yadda ake haƙa, mai zinariya. Da ni aka tura Djado da yanzu a jirgi nake zuwa kasuwa."

"Da bakinki za ki haƙa, dutse ya tsage don ya huta."

Can ƙasa ta zaro ta. Shuɗiya, oksfor, santire, ba tabo ba ɓaraka, sai dai ta yamutse. Seydou ya buɗe baki zai yi ciniki, ta tare shi.

"Dube shi da kyau. Rabin mutum ne, rabin kuɗi za ka karɓa."

"Hajiya, ai rigar cikakkiya ce."

"Shi ya cika ta mana in ka ga zai iya."

Seydou ya sallama. Wannan karon hannun Nomau ya fito daga aljihu ba kunya.

Da ya sa ta ya fito daga bayan labule, Salamatou ta tsaya tana kallonsa. Kafaɗu sun fito. Wuyan rigar ya rufe ramukan nan biyu na ƙasan maƙogwaro, dogon hannun ya rufe tsintsiyar hannu, shuɗin ya sa fuskar ta yi sanyi. Mutum sak, kamar wanda ya rame da son ransa.

"Rediyo ya mutu? Batir ya ƙare?"

"Ina mamaki ne yadda riga ke wahala. Kar ka kuskura ka naɗe hannun, ka ji? Kuma ka bar huci, maɓallin tsakiya ba ya son wasa."

Ita ta wanke ta don warin bosho ya fita, ranar Agadez ta busar kafin a gama zagin juna, ta goge da dutsen guga na gawayi. Bayan la'asar suka nufi gidan Gwaggo, ita a gaba.

Gwaggo Tabawa na kishingiɗe a tabarma. Ta ɗago ta kalle shi daga sama har ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta kama hannunsa, ta zagaye tsintsiyar hannun da yatsu biyu, ta kan rigar, yatsun suka haɗu har da saura.

"Wa ya zaɓi rigar nan?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Ta yi kyau. Kamar ma'aikaci." Ta shafa kansa, ta goge ido da bakin zane. "Amma ki koma ki ce wa mai ita ya ajiye mana babba. Wannan kafin wata ya mutu sai na fasa mata maɓalli da tuwo."

Sai ga matar da ake tayarwa da hannu biyu ta dafa ƙasa ta miƙe da kanta, tana ƙwala wa ƙanwar Nomau kira: "Zeinabou! Kamo mini zakaran nan, yayanki ya dawo!" Ko zancen zinariya ba ta yi ba.

Salamatou ta zauna daɓas a bakin ƙofa. Nomau ya zo ya ajiye mata ƙullin dabinon a cinya.

"Na sallama, bakin rediyo. Yau kin ci."

"Dabino? Shekara nawa a hamada, dabino?"

"In rigar ta matse ni, ke zan ba."

"Ka ajiye wa tsintsiyar gidanku, ita ce sa'arka."

Ya fashe da dariya har maɓallin tsakiya ya yi ƙara, Salamatou ta daka masa tsawa ya riƙe cikinsa, Gwaggo ba ta fara aikinta ba tukuna.

Wai ku maza, wa ya ce maku ana ruɗin uwa da riga?