Yadda Za Ka Je Danmak Ba Ka Bar Lewisham Ba

Gwamnati ta turo ka Danmak kwas ɗin kiwon shanu na wata uku. Ka sauka Landan canjin jirgi, gari ya yi maka daɗi, ka zauna a unguwar Lewisham. Yanzu ga maigidanka na ma'aikata yana tafe Landan, zai tambaye ka abin da ka gano. Kwantar da hankalinka. Ni aji uku na yi, amma mutum bakwai na fitar daga wannan rami, ba wanda aka kora. Bi abin da zan faɗa maka, aikinka na nan daram.

1. Haddace ƙidaya, rabu da shanu

Manya ba sa tambayar nono, su ma a ƙwaryar fura suka san shi. Lamba ce ke rufe musu baki. Ƙasar duka mutum miliyan biyar ne. Kopenhagen ta haura miliyan ɗaya, Arhus dubu ɗari biyu da wani abu, Odense na bin ta, sai Alborg. Iyakar abin da na tsinta ke nan wajen wani ma'aikacin jirgin ruwa a Woolwich, nan bakin kogin Landan, kuma ya isa.

2. Kada lambarka ta fito sumul

Mai cewa "dubu ɗari biyu" karantawa ya yi. Mai cewa "dubu ɗari biyu da arba'in da uku, ban da 'yan makaranta" shi ne ya taka garin.

3. Raina garin

Wanda ya je wuri da gaske ba ya yabonsa. Taɓe baki ka ce, "Birninsu na biyu? Ranka ya daɗe, Fagge da Sabon Gari sun cinye shi." Bakano zai ji daɗi har ya manta tambaya ta gaba. In maigidan Basakkwace ne, canza unguwa.

4. Zaɓi ƙauyenka

Za a tambayi inda aka ajiye ka. Kada ka ce Kopenhagen, manya na zuwa can sayen kujeru. Nemi ɗigo a taswira, mai mutum ɗari takwas, wanda sunansa kamar ana tari.

5. San inda za ka tsaya

Nan Uwaisu, ɗalibina na takwas, ya zame. Maigidansa Alhaji Nata'ala, babban sakatare, ya kira shi masaukinsa a Catford, nan Landan, jiya bayan la'asar.

"Uwaisu, mutum nawa ne a ƙauyen naku?"

"Ɗari takwas da sha ɗaya, ranka ya daɗe. Da sha biyu ne, wata tsohuwa ta rasu ina can."

Alhaji ya gyaɗa kai. Da nan Uwaisu ya tsaya, ya tsira. Sai daɗin baki ya kwashe shi. Wai tsohuwar ce mai masaukinsa, ɗana take ce masa, kuma ba gidan da bai ci abinci ba a garin.

"Allahu akbar!" in ji Alhaji. "Matar da ta riƙe mana yaro ta rasu, mu koma gida ba mu yi ta'aziyya ba? Ai sai a ce ba mu da tarbiyya. Yi mana booking ɗin jirgi, Litinin. Kai ne gaba, gida-gida za ka kai mu."

Sanarwa

Ni ƙidaya na koyar, ban ce kowa ya kashe tsohuwa ba. Wanda aka kama, ban san shi ba, bai san ni ba. Uwaisu kuma ya daina buga mini ƙofa, ya je ya nemi rigar sanyi.