Awon Daɗin Tsalle

"...lafiya lau, sai dai gwiwa. Wannan tulin takardu fa, angona? Ta sakina ce ka kawo?"

Kaka tana kishingiɗe a bakin taga, inda take hango filin makarantar da jikanta yake koyar da motsa jiki. Ya zube takardun a kan tabarma, ya zauna.

"In na sake ki wa zai kwasa? Awo nake yi, tsohuwa. Shugaban makaranta zai mayar da lokacin wasa na lissafi, sai in na nuna masa a rubuce cewa yara suna jin daɗinsa. Jibi yake so."

"Da mudu ake auna daɗin ko da sikeli?"

"Da fuska. Ga su nan biyar, daga mai dariya har mai kuka. Kowane yaro ya zagaye wadda ta dace da zuciyarsa."

Ta kawo takarda ɗaya dab da hancinta. "Wannan mai kukan ai kai ne ranar da aka yaye ka."

"Ke kuma ga ki a tsakiya, baki ba haƙori ko ɗaya."

"Hutu suka tafi. To, me yaran suka zaɓa?"

Ya sosa ƙeya. "Maza duk dariya. 'Yan mata kuwa, sha bakwai cikin ashirin mai ɗaure fuska suka zagaye. In shugaba ya ga wannan, shi ke nan."

"Ruwa ba ya tsami banza. Kullum ina kallonka ta nan. Ka jera 'ya'yan mutane kamar buhuna, su zagaya fili sau uku, ka jefa wa maza ƙwallo, 'yan mata kuma su tsaya gindin katanga suna korar ƙuda."

"Ke da idonki ba ya bambance akuya da babur?"

"Yana dai gane rago tun daga nesa."

Ta mayar da kallonta taga. Rana ta yi sanyi, filin ba kowa sai wata leda da iska take juyawa a hankali. Muryarta ta yi ƙasa.

"Ina kamar su, tsallen igiya muke yi. Biyu su riƙe su kaɗa, ni in faɗa ciki. Da farko ina jin ƙafata tana dukan ƙasa, can sai in daina ji. Igiyar ta zama rumfa a kaina, gidaje suna hawa suna sauka. In na tashi sama har bayan katanga nake hangowa, in ji kamar da zan ƙara kaɗan ba zan sauko ba. Innata sai ta kira ni sau uku ban ji ba. Har yau in na gyangyaɗa, a mafarki gwiwata ƙalau take."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya ce, "Ke? Tsalle? Allah sarki ƙasa, ta ji jiki."

"Tambayi wuyan kakanka, a kallona ya ƙage. Ga awo na gaskiya: ka kira yaro sau uku. In bai ji ba, rubuta ya ji daɗi."

"Shugaba ba zai karɓi wannan ba."

"To gobe ka ba su igiya, su yi har su gaji, sannan ka sake raba fuskokinka. Gani ya kori ji."

"Makarantar ko guntun igiya ba ta da shi."

Ta nuna tsakar gida da haɓa. "Je ka kwance ta shanyata."

"Zannuwanki fa?"

"Ka shanya su a kunnuwanka, ai sun isa."

Ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Na sallama, amarya. Abin da babba ya hango daga taga, malami ko ya hau katanga..."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya fita. Jim kaɗan ta ji tas, tas, tas, igiya tana dukan siminti, ga ƙaton mutum yana haki.

"A hankali dai!" ta ɗaga murya. "In ka karye ba ni da wani mijin!"

Ta lumshe ido, ƙafarta ɗaya tana bin sautin a ƙarƙashin zane.