Ƙarfen Maliki da Lakar Gadarif

Jama'a a ja gefe, a kama yara, a ɗaure awaki! Ga Hajiya Ummusalama nan tafe, uwar ubana, matata tun ranar sunana, shugabar rundunar tsofaffin unguwarmu a Gadarif. Ita ce ta je Makka ta dawo da haƙorin zinare, take kuma hamma da gangan don a gani. Ba a taɓa dafa jabana, gahawar nan tamu, ta sha ta ce ta yi daɗi ba, sai in ita ta dafa. Ni kuwa Maliki ne, angonta, wanda makaranta ta gaji da shi kafin shi ya gaji da ita.

Lokacin kaka ne, ruwa ya ɗauke, a shekarun da motar kasha ke yawo cikin gari. Kasha ita ce a tsayar da lori a bakin kasuwa ko tasha, a kwashi samarin da ba su da katin makaranta a kai su sansanin horo, daga can wasu sai Kudu inda ake yaƙi. Yawancinmu ba mu da takardar haihuwa, don haka ido ne ke yanke wa mutum shekaru. Bara aka ɗauki Taha, ɗan baffana, ya fita sayen gawayi, har yau ba labari. Ni kuma katina ya mutu tun da na bar aji.

Sai na ce tunda ba za a yi ta ɓuya har abada ba, gara lori ya same ni da ƙwanji. Na roƙi wata sandar ƙarfe ta tsohuwar garmar tarakta a wurin makanikai, na samo manyan gwangwanayen mai guda biyu. Kuɗin siminti babu. Na gangara bakin kwari na ɗebo baƙar lakar nan tamu da ke cire wa mutum takalmi da damina, na ɗura, na soka sandar a tsakiya, na shanya a rana. A lissafina lakar da ke riƙe tarakta ba za ta kasa riƙe sanda ba.

Da hantsi ina tsugune ina shafa kayana, sai ga Hajiya da murhunta da tukunyar jabana.

"Ina kwana, amarya. Ya kwanan tsufa?"

"Tsufa na nan yana jiranka, mijin banza. Mene ne wannan ka shanya min a tsakar gida kamar kashin raƙumi?"

"Ki yi magana da ladabi. Wannan ma'aikatar ƙarfi ce. Ƙattan da ake nunawa a talabijin ɗin shagon Jibrin da irinsa suka fara."

"Da laka?"

"Nasu na Turawa ne. Nawa na gida ne, ya fi albarka."

"Wancan shawal ɗin, buhun da ka rataye a bishiya fa? Ba na dawata ba ne?"

"Na ara ne. Yashi ne a ciki, naushi nake koya."

"Dawar fa?"

"Tana cikin bahon wankinki, lafiyarta ƙalau."

"Innalillahi! Kaji ma sun gode maka. Ni dai Allah ya haɗa ni da miji. Mazan mutane suna gonakin Simsim suna yankan riɗi, nawa yana dambe da buhu, buhun ma yana cin nasara."

Na naɗe hannun riga na murɗa mata damtse.

"Dubi nan. Taɓa ki ji."

"Sauro ne ya cije ka. Shafa man zafi."

"Hassada! Bari in gama, da hannu ɗaya zan ɗauke ki ke da gadonki na angarib in mayar da ke Makka."

"Ko garin Fau ba za ka kai ba za ka ce a zo a ɗauke ka. Hannu kamar muciya, wuya kamar na kaza ta sha ruwa. Zo nan ma tukuna. Ban ce ka aske ƙazantar nan ta ƙasan hancinka ba?"

"Gashin baki ne, Hajiya. Shi 'yan matan layi ke leƙowa su gani."

"Masu lori ma shi suke leƙe."

Ta faɗa tana fifita gawayi, ba ta dube ni ba. Ni kuwa na yi dariya.

"To ai shi ya sa nake shiri. Su zo su tarar da namiji."

"Kai, wawa ɗan jikan wawa! Ni ina nan ina ta rage maka tuwon asida don ka zauna yaro, kai kana ta neman hanyar zama babba."

"Au! Ashe ba dawa ce ta yi tsada ba? Ashe da gangan wainar kisrata ke sirancewa kullum? Jama'a ku zo ku ji, mace na kashe mijinta da yunwa!"

"Da yunwa a gabana ai ya fi da ƙoshi a inda ban sani ba."

"Idan kuma suka ɗauke ni a haka fa? An ce a sansani gudu ake sa su cikin rana da kaya a baya, wanda ya faɗi ya faɗi. Taha iska ma kaɗa shi take. Wa ya san ko ya iya..."

"Kul!" Ta nuna ni da mafici. "Kada ka ƙara sa sunansa a bakin wasanka."

Ai ba wasa nake ba, ita ma ta sani. Don in kawar da maganar na sunkuya na cicciɓi ƙarfena, na juya da shi zan nuna mata, gwangwani ɗaya ya daki tukunyar jabanar. Ta mirgina, bakinta ya guntule.

"Shi ke nan, na sake ka! Kwashe min tarkacen nan daga gidana, kalas, magana ta ƙare!"

"Mace ke saki yanzu?"

"A gidan nan ita ke yi. Fita!"

Tarkacen take nufi, ba ni ba. Amma zuciya ta ɗebe ni, na ja ƙarfena har ƙofar gida, gindin darbejiya. Lori bai taɓa shigowa layinmu ba saboda ramukan da damina ke bari, kowa ya san haka. Na tuɓe riga, daga ni sai gajeren wando. Na tofa yawu a tafi, na ce bismillah, na ɗaga har ƙirji. Na ƙara nishi na kai shi bisa kai.

"Amarya! Leƙo ki ga abin da kika saka!"

A daidai nan na ji ƙugin inji daga bakin layi, yara suna ihu, "Kasha! Kasha!"

Abin da ban lissafa ba shi ne halin lakarmu. Da damina riƙo gare ta, amma da ta sha rana sai ta tsuke ta dare, kamar yadda gonaki ke tsagewa da rani har ƙafar jaki ta faɗa. Ta bushe a cikin gwangwani ta saki sandar ban sani ba. Ina waigawa, gwangwanin dama ya zame ya sauko a kan ƙafata. Na hagu ya fizge ni na kife. Laka ta tarwatse ko'ina.

Samarin layi suna ta haura danga. Na yunƙura, ƙafa ta ce ba da ita ba. Lorin yana tahowa a hankali yana tangaɗi cikin ramuka, ga mutane biyu masu kaki suna tafe a ƙasa gabansa. Na ce a raina yau kwanona zai bi na Taha, kwano biyu za su zauna a kife a gidan Hajiya.

Sai ga ta ta fito, ba takalmi, da buta a hannu. Ban taɓa ganin ta yi sauri haka ba. Ta dubi lorin, ta dube ni, ta tuttule ruwan a kan ɓaraguzan lakar, ta cuɗa da hannu ta shafe min fuska, har da gashin bakin da nake taƙama da shi. Ta yaɓa min a ƙirji da gwiwa.

"Hajiya, mene ne..."

"Rufe baki. Yi kuka."

"Ni? Namiji?"

Ta murɗe min kunne. Kuka ya zo da kansa, don dama yana bakin ƙofa.

"Ɗan banza mara jin magana! Kullum wasan laka, kullum wasan laka! Wa zai wanke maka wandon nan?"

Ɗaya daga cikin masu kakin ya tsaya a kanmu. Saurayi ne, bai fi Taha da yawa ba, da sanda a hannu. Ya yi sallama da Larabci, ya tambayi shekaruna.

"Wannan?" in ji Hajiya, ta juya harshe ita ma. "Ya waladi, ɗana, wannan ai jiya-jiya aka yaye shi. Tsawo ne kawai irin na gidansu, kamar karan dawa. Har yanzu ni nake shanya masa tabarma kowace safiya."

Na ɗago zan kare mutuncina, ta ƙara murɗa kunnen.

"Me yake yi da gwangwani?"

"Shanun laka yake ginawa. Ga shi garken ya faɗo masa a ƙafa."

"Ƙarfen nan fa?"

"Nawa ne, da shi nake tokare ƙofa. Sata ya yi."

Ya ce in tashi. Na miƙe da ƙafa ɗaya, ɗayar ta kumbura kamar tulu, majina da laka sun haɗu a leɓena. Ya zagaya ni. Ina jin numfashin Hajiya a bayana, gajere-gajere. Ya kama damtsena, wanda na kwana biyu ina yi wa kirari, ya zagaye shi da babban yatsa da manuni. Yatsun suka haɗu, har da ragowa.

Ya dubi abokinsa, suka yi dariya.

"Ya Hajja, ki riƙa ba shi abinci."

"In Allah ya hore, ɗana."

Lorin ya wuce ta gabanmu. A bayansa akwai samari a tsugune, na gane ɗaya, mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, har yanzu da sifana a hannunsa. Bai dube ni ba, ni ma na sunkuyar da kai. Muka tsaya a haka har ƙugin ya ɓace.

Hajiya ta zauna daɓas a kan tushen darbejiya. Na zauna kusa da ita. Na ga idan ban yi magana ba ɗayanmu zai fashe da kuka na gaske.

"Kin dai ji da kunnenki. Hukuma ta ce a ƙara min asida."

Ta ci gaba da kallon bakin layi.

"Kuma maganar tabarma ƙarya ce, sai kin bi gida-gida kin janye ta. 'Yan matan layi duk suna bayan danga suna ji."

Ta shiga kakkaɓe lakar da ke hannunta.

"Allah ne ya taimaki yaron nan ƙafata ta samu matsala. Da lafiyata ƙalau, da shi da abokinsa da lorin zan haɗa in ɗaga. Kin gan ni ai, ko gezau ban yi ba. Kukan ma don ke na yi, kada ki ji kunya."

Ta juyo ta dube ni tun daga ƙafar har fuskar da ta yaɓe, sannan ta dubi hannuna.

"To, na ji. Sakar min zane."