Yadda Ake Neman Duhu a Ƙasar Masu Karɓar Baƙi

Kai mai son kallon taurari, wanda fitilun birni suka hana sakat, share hawayenka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni na tsaya maka za ka samu duhu baƙi ƙirin, irin wanda za ka ɗaga hannunka ka neme shi ka rasa. Ba cika baki ba ne, an gwada. Ustad Sikandar Laghari na nan Haidarabad ya bi su kaf, kuma ya samu duhunsa. Tsawon lokacin da ya yi da shi kuwa, za mu zo kansa.

1. Ka samu dalilin gaggawa

Mai lafiyar ido ba ya neman duhu da gaske, kullum cewa yake sai baɗi. Ustad ma haka yake da. Tsohon malamin kimiyya ne, ya yi ritaya, yana da bututun hangen taurari a rufin gidansa, akwai kuma zauren biki a jikin katangarsa mai walƙiya har asuba. In an ɗauke wuta, duk unguwa ta ɗauki tsinuwa, shi kaɗai ke cewa alhamdulillahi yana hawa matakala da gudu. Kafin ya kai sama janaretoci sun gama tari sun kama.

Sai ranar da Dakta Shahnaz, likitar ido, wadda ya koyar tana yarinya, ta ajiye fitilar dubanta ta fuskance shi.

"Ustad, ba zan ɓoye muku ba. Jijiyar idon tafiya take yi, kuma ba ta dawowa. Abin da kuke son gani, ku gan shi bana."

Abu ɗaya yake son gani: farin kogin nan na taurari da ke ratsa sama daga gefe zuwa gefe. Rabonsa da shi tun yana yaro a kwance bayan amalanken ubansa. Ya koyar da shi a allo, ya ci gyaran ɗalibai a kansa, amma birni ya cinye shi. Ranar ya koma gida da tsoro a ransa, ya ɓoye wa matarsa.

2. Ka kafa ƙungiya

Mutum ɗaya mai neman duhu, ɓarawo ake kiransa. In kun kai goma, masana ne. Kowace ƙungiya tana buƙatar mai ilimi, da mai hankali, da mai mota, kuma na ukun ne kawai ba a iya kora. Ustad ya riƙe ilimi, Dakta Shahnaz ta riƙe hankali, Jamshed makanike ya kawo tsohuwar motarsa mai tashi da turi. Sauran suka kawo ra'ayi. An sha shayi mai madara iya sha ana gardamar suna, har wata biyu suka mutu ba a ɗaga kai sama ba.

3. Ka nemo ƙauyen da gwamnati ta manta

Ba wuya. Ka bi titi har ya ƙare, ka bi turɓaya har ita ma ta fara shakka. Alamar wuri mai kyau ita ce turakun lantarki a tsaye babu waya, an kafa su tun wani zaɓe can baya, yanzu raƙuma ake ɗaurewa. In ka ga haka, yi murna a zuci, kada haƙoranka su fito.

Haka suka samu ƙauyen Bachal a bakin hamadar Thar, da wani tudun yashi a bayansa kamar don su aka zuba shi. Suka je gaida mai ƙasar, Wadero Haji Sobdar, mai gashin baki kamar ƙahon bauna.

"Sain, ranku ya daɗe," in ji Ustad, "Allah Ya yi muku arziki ba ku sani ba. Duhunku babu irinsa."

Wadero ya murza gashin baki, ya karkata wajen Jamshed. "Ada, ɗan'uwana, lafiyar dattijon nan ƙalau kuwa?"

"Malamin makaranta ne, Sain."

"Af, shi ya sa." Ya juyo. "Duhu dai, Ustad? Ku zo da buhuna ku ɗiba. Mun gaji da roƙon a raba mu da shi."

4. Kada ka faɗi ranar zuwanka

Ustad ya faɗa. Ya zaɓi daren da babu wata, ya aika da saƙo cikin ladabi. Suna tafe bayan magariba, Jamshed ya hango wani haske a gaba ya ce sun yi ɓatan kai, wannan ai gari ne. Bachal ce. Wadero ya ɗauko hayar janareto daga garin kasuwa, da fitilun biki ja da kore, an naɗe turakun nan marasa waya tun daga bakin hanya har kan tudun. An yi ƙofar maraba mai ƙyaftawa. An yanka awaki, ana juya shinkafar biryani a tukunyar da yaro zai iya wanka a ciki.

"Sain," Ustad ya ce da ƙyar, "ai duhu muka roƙa."

"Haba Ustad! Baƙo daga birni ya zauna a ƙofata cikin duhu? Gobe ƙauyen gaba su ce Sobdar ya talauce? Ku ci, ku ci."

Ka lura, ba a roƙon mai gida ya kashe fitila da namansa a bakinka. Sai da aka wanke hannu Dakta Shahnaz ta lallaɓa ta yi bayani, cewa ido sai ya jima cikin duhu, kamar dahuwar tukunyar shinkafa, kafin ya buɗe sosai. Wadero ya ba da umarni, janareto ya yi shiru. Ustad ya ɗaga kai. Nan take mazan ƙauyen suka ga baƙo yana laluben wani abu a sama, kowa ya zaro tocilarsa ya haska masa.

"Can ne, Ustad? Ko a matsa hagu?"

Kafin a gama roƙonsu, mai janareto ya ce shi har asuba aka ɗauke shi, ba zai ci haram ba. Ya ja igiya.

5. Ka zo a ɓoye, in ka isa

Wata na gaba suka zo ba sallama, suka kashe fitilun mota daga nesa, suka ɗauki bututun a kafaɗa. Ka tuna dai yadda mutum uku ɗauke da dogon bututun ƙarfe suke a idon makiyayi. Karnuka suka fara, sanduna suka biyo, fitilu suka kewaye su kafin su kafa ƙafafun abin.

Wadero bai yi fushin ɓarayi ba, fushin da ya fi wannan ya yi. "Ku shigo ƙasata ku fita ba ku ɗanɗana gishirina ba? Me na yi muku, Ustad? Naman ne bai nuna ba?"

Nan Ustad ya kasa riƙewa. Ya zauna a yashi, ya faɗi abin da ya ɓoye wa matarsa: ido na tafiya, kuma shi kogin nan kawai yake so ya gani sau ɗaya. Kunya ta kama Wadero. Ya ciro ajrak, mayafin da ake yafa wa baƙo mai daraja, daga kafaɗarsa ya yafa masa.

"In wata ya sake mutuwa, ku zo. Wanda ya ƙyasta ashana a Bachal daren nan, ni da shi ne. Na rantse."

A nan mai hankali zai rufe littafin nan ya koma gida ya jira. Kai ka ci gaba.

6. Ka nemi hukuma ta kare maka duhun

Ƙungiya ta zauna ta ce alkawarin mutum ɗaya bai isa ba, a sa gwamnati ta keɓe tudun. Ofishin lantarki suka ce su haske suke rabawa, duhu ba sashensu ba ne. Ofishin filaye suka ce a kawo shaidar mai sama. Sai Jamshed ya tuna yana gyara wa wani ɗan jarida mota.

Ustad ya sa farar rigarsa, ya tsaya gaban kyamara, ya ce da alfahari: "Na zaga lardin nan, babu ƙauyen da ya kai Bachal duhu. Ko fitila ɗaya ta gwamnati babu. Muna roƙon a bar shi haka."

Zaɓe saura ƙiris. 'Yan adawa suka yanke "muna roƙon a bar shi haka", suka bar sauran, suka dinga sawa safe da yamma da hoton ɗan majalisar yankin a gefe. Abin da roƙon mutanen Bachal bai kawo ba tun suna samari, kunyar mutum ɗaya ta kawo shi kafin wata ya cika. Motoci suka shigo da waya, aka kwance raƙuma daga turaku. A kan tudun Ustad, daidai inda ya share don bututunsa, aka kafa doguwar fitila mai kawuna huɗu. Aka sa ranar buɗewa, ta faɗa daidai daren da Wadero ya rantse a kansa.

7. Ka danna makunnin da hannunka

Wadero da kansa ya zo Haidarabad, ya kasa haɗa ido da Ustad. "Rantsuwata ta karye, ba da hannuna ba. Amma mutane sun ce ba ɗan majalisa ne ya kawo wutar ba, ku ne. Sun ce in ba ku ne za ku kunna ba, ba sa so."

Ustad ya je, da ajrak ɗinsa a kafaɗa, bai ɗauki bututun ba. Aka zaunar da shi gaban akwatin makunni bayan isha'i. Sai yaron ɗan majalisa ya bi taro yana tsawa: a kashe kowace fitila, kowace tocila, kowace waya, har na 'yan kyamara, don in wuta ta kama ƙasa ta ga bambanci. Abin da rantsuwar Wadero ta so yi, son a gani ya yi shi tsaf. Bachal ta yi baƙi ƙirin. Ɗan majalisa ya kama lasifika mai batir ya fara gaida manyan baƙi.

Dakta Shahnaz ta raɗa, "Ustad, ku ɗaga kai."

Da farko bai ga komai ba sai 'yan ɗige-ɗige. Ɗan majalisa yana kan tarihin kakansa. Ɗige-ɗigen suka fara yawa, Kaza da 'Ya'yanta suka leƙo daga gabas. Ustad, wanda duk rayuwarsa bai taɓa zama jawabin ɗan siyasa ya ƙare ba, ya shiga roƙon Allah cikin zuci: Ya Rabbi Ka tsawaita masa, Ka tuna masa da 'yan adawa. Allah Ya amsa. Mutumin ya koma kan 'yan adawa ɗaya bayan ɗaya, da iyayensu. Yana tsakiyar zagi kogin ya fito, fari sol, daga bayan tudu har ƙarshen hamada. Gefen ya ɓace masa, don gefen idon ya riga ya tafi, sai ya dinga juya wuya a hankali yana bin sa. Hawaye na ɓata masa gani, yana sharewa da sauri don ba shi da lokacin kuka.

"Yanzu ina kira ga Ustad Sikandar!"

Bai motsa ba. Zai iya cewa bai ga makunnin ba, kuma ba ƙarya zai yi ba. Sai ya ji hannu mai kaushi ya kama nasa. Wata tsohuwa ce da ake kira Mai Hooran, ungozomar ƙauyen, wadda ta karɓi haihuwar rabin taron nan da fitilar kananzir, wasu kuma ta rasa su a hannunta.

"Ada, ga shi nan," ta ce, ta ɗora yatsansa a kai. "Ka gama kallon?"

"Saura kaɗan, Adi, 'yar'uwata."

"To gama. Mun jira tun ina amarya, wannan ba komai ba ne."

Wannan maganar ce ta sa bai ƙara ko numfashi biyu ba. Ya danna. Tudu ya zama rana tsaka, guɗa ta tashi, sama ta koma toka-toka kamar ta Haidarabad.

A mota Shahnaz ta tambaye shi, "Kun gani?"

"Na gani, 'yata. Yana nan yadda na bar shi."

Gargaɗi

Na yi maka alkawarin duhu, ban ce na dindindin ba. Ya kai tsawon jawabin ɗan majalisa, kuma a ƙasar nan wannan ba ƙaramin rabo ba ne. In ka bi matakan nan aka cika ka da biryani, ko karnuka suka yaga maka wando, ko ƙauyen da ka wahala ka samo ya waye gari da firji, babu ruwana, kada ka zo ƙofata.

Ka kuma sani, tun daga ranar ƙauyuka ke aiko wakilai Haidarabad da awaki, kowa yana rantsuwa duhunsu ya fi na Bachal. Ustad ba ya mayar da kowa. Yanzu sai an riƙe masa hannu yake shiga motar Jamshed. Ya je, a tsayar da shi gaban kyamara, ya ɗaga kai sama, ya ce bai taɓa ganin duhu irin na wannan ƙauyen ba. 'Yan jarida sun fara cewa ko'ina ya je maganar ɗaya ce. Shahnaz kaɗai ta san ba ƙarya yake yi ba.